Tattasan Baba Grema

Diffa, 14 ga watan Maris

Zuwa ga Yayana Abbakar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Salamatu da yara a can Agadas. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Mu nan mun gode Allah. Iya tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta yarda wani ya iya dama kunu in ba ita ba. Baba kuma da sauƙi, jiya da ƙafarsa ya je sallar Azahar. Maganarsa ce ta sa na zaɓi rubutu, don in a waya ne ka san halinka, ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka san tun da rashin zaman lafiya ya raba mu da bakin kogin Komadugu muka dawo cikin gari, Baba bai ƙara jin daɗin abinci ba. Mutumin da ya saba tsinkar ɗanyen tattasai a gonarsa yana ci kamar goro, sai ya koma daga shayi da burodi sai kunu. Da ciwon ya taso, dasashinsa ya kumbura yana jini, haƙora biyu suka fara girgiɗi, gaɓoɓinsa suka riƙe. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tabon nan na ƙwaurinsa, inda injin ban ruwa ya yanke shi tun kana ɗan makaranta. Ciwon da ya warke shekara ashirin ya sake buɗewa ba tare da ya yi ko tuntuɓe ba. A nan ne ka ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu ne, kuma ka kira sunan Baba Grema, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, saboda shi ya koma ƙauyenmu Geskeru yana noman gonar Baba. Ka ce so yake ya cinye ta, ka hana mu ba Baba duk abin da ya fito daga hannunsa. Ba zan ɗora maka kai kaɗai ba, ni ma na yarda.

Kowace Talata Baba Grema kan zo da buhun ɗanyen tattasai da tumatir, ya ce a ba yayansa ya ɗanɗana amfanin gonarsa. Ni nake karɓa in yi godiya, yana fita in juye wa awaki. Wata huɗu ina wannan aiki. Awakinmu suka yi ƙiba har maƙwabta na tambaya wace dusa muke ba su, Baba kuwa yana ƙarewa a kan tabarma, muna ta hayaƙi da rubutun sha.

Ranar da jini ya ƙi tsayawa a bakinsa muka kai shi asibiti. Likitar da ta duba shi, wata Hajiya Nadiya, ta buɗe bakinsa, ta dubi ƙafar, sai ta tambayi abin da yake ci. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. Ta ce akwai wani sinadari a abinci da ake kira bitamin C, da shi jiki ke saƙa zaren da ke riƙe nama da jijiyoyin jini, kamar yadda zare ke riƙe riga. Ta ce ko tsohon tabo kullum jiki na sabunta ɗinkinsa, in sinadarin ya yanke wata biyu ko uku sai ɗinkin ya fara warwarewa, shi ya sa dasashi ke jini, tsohon ciwo ya buɗe. Jiki ba ya yin sa da kansa, ba ya kuma ajiye shi da yawa, sai an ci. Babu shi a shayi da burodi, kuma shanya da doguwar dahuwa suna kashe shi, don haka jan garin tattasan da muke zubawa a miya bai tsinana komai ba. Sai ta yi murmushi ta ce ta yi mamaki a samu wannan ciwo a gidan manomin tattasai, tun da ɗanyensa ya fi lemo yawan sinadarin. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Maganin mahaifina na riƙa zuba wa awaki da hannuna.

Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce a riƙa yanka masa tattasai da tumatir ɗanye. Cikin kwana biyar jinin ya tsaya, yanzu ƙafar ta fara haɗewa. Haƙori ɗaya dai ya tafi.

Talatar da ta wuce na tari Baba Grema a zaure, na durƙusa na faɗa masa komai. Sai ya ce ai ya sani, tun zuwansa na uku ya hango tattasan a kwamin awaki. Na tambaye shi me ya sa bai daina kawowa ba, ga hanyar Geskeru yadda take, mutum na fita ne bai san ko zai dawo ba. Ya ce yana sa ran wata rana ko guda ɗaya zai kai bakin yayansa. Ya kuma roƙe ni kada Baba ya ji wannan magana. Na yi kuka ranar, kuma har yanzu kunyarsa nake ji.

Ni na nemi gafara ya yafe mini. Saura kai, don kai ka ambaci sunansa, kuma maganar ta kai kunnen dangi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu lafiyarsa lau. Kada ka aiko da saƙo ta bakina, ka kira shi da kanka.

Iya tana gaishe ka, Baba yana sa maka albarka. Ka gaida Salamatu da Zayyad da Mainasara, ka gaida Kawu Tahir in kun haɗu. Baba Grema ma ya ce in gaishe ka, yana tambaya ko tarin nan naka ya sake ka. Lambarsa na bayan takardar. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nazifa