Manhajar da Ba ta Wuce Gaisuwa

Zuwa ga: Babban Manaja, Kamfanin Ƙera Butocin Lantarki
Daga: Magatakardan Teburin Ƙorafin Masu Saye, ofishin ƙarƙashin matakala
Kwanan wata: 14 ga Yuli, 2025
Game da: Shirin rufe teburina bisa rahoton manhajar tace wasiƙu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Maris aka kawo mana masanin nazarin kasuwanci, da jakarsa da ƙamshin turarensa. Ya zana abin da ya kira taswirar ma'anoni: kowace kalma da gidanta, kowane gida da danginsa, manhaja kuma ta bi wasiƙun masu saye tana raba su gida-gida. Shekara goma sha tara ina karanta wasiƙun nan, amma ko sannu bai ce mini ba, balle ya tambaye ni.

2. Yallaɓai, masu sayen kayanmu suna da kunya. Sai mutum ya cika shafi da yi wa kamfani addu'a, a layin ƙarshe ya ce mariƙin buta ya ɓalle. Shi ya sa ni daga ƙasa nake fara karatu. Ita kuwa manhaja, baiwar Allah, ƙidaya take yi: addu'a goma, kuka ɗaya, sai ta jefa wasiƙar gidan gamsuwa.

3. A taswirar akwai gidan launi, akwai gidan farashi, har da gidan kyan kwali. Gidan ƙuna ne dai babu, alhali wasiƙu arba'in da ɗaya suna aljihun teburina kan tafasasshen ruwa da ya zubo wa mutane.

4. Ranar 30 ga Yuni rahoto ya fito cewa kashi casa'in da shida cikin ɗari na masu saye suna murna. Aka yi tafi. Aka ce tunda babu ƙorafi, teburina ba shi da amfani daga 31 ga Yuli. Wallahi abin ya yi mini ciwo, ina tsaye a bakin ƙofa aka karanta.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai ya dakatar da sa hannu, ya karanta wasiƙu goma da idonsa, daga ƙasa. In kuma sallamata ta zama dole, a turo masanin ya zauna a kujerata ranar Litinin. Wata tela da fatar hannunta ta saluɓe za ta dawo jin amsa, sai ya yi mata bayanin cewa ta gamsu.

A huta lafiya, tare da dukkan ladabi.

Naka mai biyayya,
Magatakardan Teburin Ƙorafi