Na Ɗaya da Gwangwanin Madara

Gwaggo mai ba da shawara, don Allah ki agaza mini, abin har nauyin faɗa nake ji.

Autana Haladu yana aji huɗu a makarantar ƙauyenmu, nan ƙasar Gwiwa, wadda aka buɗe da zuwan ilimi kyauta. Bana ya zo na ɗaya. Na yanka zakara, na toya waina na raba gida-gida, har gidan da ba ma ga-maciji.

Da Sallah sai ga Shatu, 'yar ƙanena, daga Kazaure. Ita ma aji huɗu take, amma can kusa da na ƙarshe take zuwa, uwarta ma ba ta so a tambaya. Muna shan shayi yarinyar nan ta ɗauki gwangwanin madara ta karance shi tas. Aka miƙa wa na ɗayana. Ya juya, ya sake juyawa, ya ce wai rubutun ne ya yi ƙanana.

Ban ga laifin malamin su Haladu ba, bawan Allah. Shi kaɗai ne ga azuzuwa uku, da damina kuma rabin yaran suna gona.

Ƙanena ya ce in ba shi riƙon yaron. Maigidana ya ce to wa zai kai awaki kiwo? Ni kuwa ba na son rabuwa da shi. Ga wainar nan tana damuna: anya ban ciyar da mutane a kan ƙarya ba?

Uwar Na Ɗaya

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Wainarki halal ce. Yaro ya wuce tsaransa, abin da aka ba su ne bai kai ba.

Maigida yana da gaskiyarsa, amma awaki za su sami makiyayi, shekarun karatu kuwa ba sa jira. Ki lallashe shi a gwada zango ɗaya a Kazaure, da hutu yaro ya dawo gida. Ƙila can ya zo na talatin, kada ki yi kuka.

Sauran yaran da suka ci wainarki fa? Iyayensu maza su haɗu su je ofishin ilimi su roƙi ƙarin malami, su kuma daina kwashe yara zuwa gona lokacin aji.

Ki tanadi wani zakaran, amma kada ki yanka sai Haladu ya karanta gwangwanin nan. Allah ya yi masa albarka.