Gaisuwar da Zan Kai wa Sabo

Daren Alhamis, unguwar Al-Shifa

'Yata Hanan ta yi barci da farar rigarta, ta ƙi yarda a cire. Ni kam barci ya ƙi zuwa.

Yau makarantarsu ta yi taron da kowace yarinya ke taka rawa da mahaifinta. Ta daɗe tana koya mini takun a falo, tana yi mini gyara da Larabci. Na sa babbar rigata, na kafa hula. Muna isa, mai gadi ya kama hannunta, ya nuna mini bayan gini inda direbobi ke jira.

Sabo, ɗan garinmu, na tsaye a ƙofa cikin farar jallabiya, shi ke tarbar iyaye. Sabon da ya sauka a ɗakina a unguwar Ulaisha ko iƙama, takardar izinin zama, ba shi da ita, muna cin tuwo kwano ɗaya! Na ce, "Sabo, yi masa bayani mana." Ya dube ni sama da ƙasa, ya amsa da Larabci, wai bai gane me nake cewa ba.

Hanan ce ta fizge hannunta ta ce, "Babana ne!" Mun yi rawar. Na tattaka mata ƙafa, tana dariya, zuciyata na tafasa.

Ba zan zage shi ba. Ranar Lahadi zan je ofishinsu na makarantar da wannan rigar, in durƙusa a gaban Larabawansa, in kira shi Sabo na Goggo mai ƙosai, in gaishe shi da Hausa tun daga gajiya har awakin gidansu. Ba zan tashi ba sai ya amsa, ɗaya bayan ɗaya.