Kwaɗin Fadama a Zauren Kano

Haɗeja, 9 ga Maris

Zuwa ga aminina Abdulwahid,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Bashira da jikoki. Mu nan lafiya lau, sai zafi da girbin alkama.

Jiya 'yata Amira ta miƙo min wayarta, wai in ga ƙungiyarmu ta kiɗa, Taurarin Fadama, ta dawo. Na ɗauka zolaya ce. Sai ga ka a kan dandamali a Kano, furfura fal, rungume da jar jitarka, Muhammadu yana waƙa, jama'a suna ihu. A kujerar ganga, inda na zauna shekara goma sha ɗaya, wani mai baƙin tabarau ne da ban taɓa gani ba. Na ce a raina, kun ga na koma noma ne shi ya sa.

Amma kunnen makaɗi ba ya tsufa. A tsakiyar waƙar "Ruwa Ya Kawo", wurin da muke tsayawa mu bar jita ita kaɗai, na ji kukan kwaɗi. Sau uku ina mayar da bidiyon baya. Kwaɗi a zauren Kano da rani tsaka, Abdulwahid? Na san kwaɗin nan. Na bayan shagon Badamasi ne, inda muka ɗauki kaset ɗinmu a daminar 1984, fadama ta cika, muka rasa yadda za mu yi da su. Ashe kaset kuka saka kuna motsa hannu. Gangar da ake yi wa tafi tawa ce, mai tabarau iska yake duka.

Shi ya sa ba ka gayyace ni ba, don ka san zan gane? Ko a rubutun ƙarshen bidiyon babu sunana. Muhammadu ba shi da wannan dabarar. Kai nake zargi, kuma abin ya yi min ciwo.

Naka, ko da rai a ɓace,
Haladu

Haɗeja, 23 ga Maris

Abdulwahid,

Ina gaishe ka, ina gaida Bashira. Yaya jikinka? Wannan karon ba don al'ada na tambaya ba.

Mako biyu shiru. Na yi ta kallon bidiyon har Amira ta ce in sayi tawa wayar. Da na gaji da hararar mai tabarau, sai na koma kanka. Hannunka na hagu bai bar wuri ɗaya a wuyan jitar ba, tun farko har ƙarshe. Kai da yatsunka ba sa zama ko a bakin kwanon tuwo! Da za ku sauka, Muhammadu ne ya cire maka igiyar jitar daga kafaɗa. Sai na tuna tun babbar salla ban ji muryarka ba, saƙo kawai Bashira take turowa da sunanka.

Yaushe shanyewar ɓarin jikin nan ta same ka? Duk zauren nan za su ruɗu ban da ni, shi ya sa ka bar ni a gona. Na janye maganar suna, ku riƙe gangar. Ɓoye min da ka yi ne ban yafe ba tukuna.

Ranar Asabar zan shigo motar farko, da bandar kifin Guri da kake so. Kada ka sa a ce min ka fita, kuma kada ka cusa hannun cikin riga. Da dama za mu gaisa, amma hagun nan nake so in riƙe.

Naka tun na fadama,
Haladu