Ranar da Ban Faɗi Lamba Ba

Litinin, 3 ga Maris

Zagayen farkon wata. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina wannan aiki na ofishin ƙididdiga: in shiga kasuwa da biro da fom, in tambayi kuɗin shinkafa, mai, sabulu, ƙwai, kuɗin mota, kuɗin haya, in rubuta in kai ofis. Ba na sayen komai. Mai shagon bakin kwana yana hango ni ya ce, "Ga Tambaya-ba-saye nan ya iso." Na ce masa ranar da zan saya sai an yayyafa masa ruwa.

Ƙwai ya tashi. Sabulu kuɗinsa na nan, amma ya rame.

Sababbin ma'aikatanmu a gindin bishiya suke cika fom, su ƙirƙiri lamba su tafi gida. Ni ban taɓa rubuta lambar da kunnena bai ji ba. Ba gida na gina ba, ba mota na saya ba, wannan kaɗai nake taƙama da shi.

Asabar, 8 ga Maris

Ranar Uwargida. Jikata, shekararta biyar. Sunan marigayiya matata 'yata Auta ta sa mata, bakina kuwa ya ƙi kiran sunan, shi ya sa nake ce mata Uwargida. Layi biyu ne tsakanin ɗakina da gidansu, kowace Asabar uwarta ke kawo ta.

Tana shigowa ta miƙa hannu. "Tsoho, kuɗin cefane." Na ce na sake ta, ba ta iya girki ba. Ta ce ita ma dama ba ta son miji mai furfura a kunne.

Na saya mata ƙaramin littafi tun bara, wai ita ma aikina take yi. Yau ta tsare mai lemo, ta tambaye shi nawa ne, ta zana ƙwallaye uku a takarda, ta ce masa ya yi tsada, muka wuce. Mutumin ya bi mu da ido.

Sauran kwana shida na mako jira nake yi kawai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Auta ta zo da kumburarrun idanu. Mai gidansu ya ƙara haya, ɗaki biyu da falo daga dubu ɗari uku zuwa ɗari huɗu da tamanin. Ko su biya ƙarshen Afrilu ko su kwashe. Ban yi mamaki ba, ni nake rubuta irin waɗannan lambobin duk wata. Ban dai taɓa ganin lamba tana kuka a kan tabarmata ba sai yau.

Lahadi, 16 ga Maris

Surukina ya zo. Yaron kirki, gyaran firji yake yi, har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, ya yi ta gaisuwa kamar ba jiya muka rabu ba. Da ƙyar ya fito da maganar.

Wani abokinsa a jihar da ke maƙwabtaka da mu yana ta kiransa, wai can rayuwa da sauƙi, ga aiki. Awa huɗu a mota. "Baba, maganar aboki daban, taka daban. Mun ji ofis zai tura ka can. Abin da ka gano, shi za mu bi. In ka ce mu zauna, mun zauna."

Na ce to. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

Awa huɗu.

Alhamis, 20 ga Maris

Kwana biyu ina can, aikin kwatanta farashin jihohin biyu.

Ɗaki biyu da falo, da famfo a tsakar gida, dubu ɗari da casa'in. Na ɗauka dillalin wasa yake yi, na tambayi wasu uku, duk bakinsu ɗaya. Shinkafa ta fi araha. Mai ya fi araha. Kuɗin makarantar yara rabin namu. Na shiga gida ɗaya don in ga aibinsa, sai na tarar da tagogi biyu a kowane ɗaki, iska na wucewa, har da bishiyar mangwaro.

Na yi ta yawo ina neman abin da ya fi tsada, har abokin aikina na can ya ce ko gaba nake da jiharsu. Na samo uku: magani, gas na girki, da wutar lantarki da ba ta zama. Ita ma wutar da na zauna na yi tunani, ai ita ke ƙona firji. Ga mai gyara wannan ba matsala ba ce, kasuwa ce.

Na cika fom daidai. Na kwafe komai a littafina kamar kullum.

Lahadi, 23 ga Maris

Sun zo su biyu. Uwargida na waje tana wa kyanwar maƙwabta faɗa.

Na ce musu arahar can ta baki ce. Na ce magani wuta, gas ba a magana, lantarki kuwa sai an roƙa. Na ce baƙo a ko'ina shi ake yanka a kasuwa. Na ce abin da mutum ya rage a haya zai zubar a wani wuri. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, in an bi kalma kalma.

Surukina ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi da muka tambaya." Auta ta dube ni, ta daɗe, sannan ta mayar da kai ƙasa tana jan zaren tabarma.

Litinin, 24 ga Maris

Na miƙa fom a ofis. Shugaba ya yaba da tsaftar aikin.

Laraba, 30 ga Afrilu

Sun kwashe. Ɗaki ɗaya suka samu a bayan layin masu walda, dubu ɗari biyu da tamanin, bayan gida na haɗaka da mutum goma sha. Taga ɗaya, ita ma kwata take kallo. Kujeru ba su shiga ba, an sayar. Kwabar Auta aka kawo ɗakina, yanzu sai na karkata nake wucewa.

Amma suna nan. Minti goma a ƙafa. Na tsaya ina taya su ɗaura labule ina jin daɗi a raina, Allah ya yafe mini.

Asabar, 17 ga Mayu

Uwargida ta ce gidansu na yanzu ba wurin gudu. Ta yi ta zagaya tsakar gidanmu har ta faɗi ta ƙuje gwiwa. Ta ce laifina ne, miji nagari da ya share duwatsun.

Talata, 17 ga Yuni

Ruwa kwana uku a jere. Na leƙa su da rana. Bangon da katifa ke jingine ya yi baƙi har tsayin gwiwa, ɗakin na warin danshi. Auta ta ɗora buhun shinkafa a kan bulo. Yarinyar na tari.

Na ce a shafa mata man zafi. Abin da na iya cewa ke nan.

Asabar, 28 ga Yuni

Ba a kawo ta ba. Tari.

Alhamis, 10 ga Yuli

Kwana huɗu a asibiti. Ƙirji ne. An sa mata abin shaƙar iska, fuskarta duk ta shige ciki. Likita ta tambayi inda take kwana, Auta ta faɗa, likitar ta ce in ba a raba ta da wannan ɗakin ba za su yi ta dawowa.

Da Uwargida ta buɗe ido ta gan ni, ta ɗaga hannu a hankali, tafin a buɗe. Kuɗin cefane. Na juya na fita baranda, na tsaya ina kallon motoci har idona ya bushe.

Surukina ya rame. Ko sau ɗaya bai ce da mun sani ba. Da ma ya faɗa, da na sami sauƙi.

Litinin, 4 ga Agusta

Zagayen farkon wata. A layin 'yan gwanjo na ga keken ɗinki a bakin wani shago. Baƙi, da jan ƙyalle ɗaure a wuyansa inda ake soka allura. Ni na san wannan ƙyallen, daga tsohon zanen marigayiya aka yage shi. Da keken nan ta ɗinka wa Auta kayan makaranta tun daga aji ɗaya, shi kaɗai kuma Auta ta roƙa lokacin rabon kaya.

Na tambayi kuɗinsa. Mai shagon ya san ni, ya faɗa yana hamma. Na ce ya ajiye mini, zan je banki in dawo. Ya ce, "Kai? Saye?" Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

Ya ce wata mata ce ta kawo shi makon da ya wuce, ta ce kuɗin asibiti. Wai har ta tafi ta dawo ta shafa shi.

Ban ƙarasa zagayen ba. Karo na farko.

Talata, 5 ga Agusta

Na biya, na sa an kai wa Auta keken. Na bi baya da littafina na watan Maris. Na tarar da su duka. Na buɗe shafin, na ajiye a gaban surukina, na ce ya karanta da kansa. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama. Na ce, "Ku tafi. Tun Maris ya kamata ku tafi. Ni na hana ku, ba farashi ba."

Ya ce, "Haba Baba, ai ba komai," yana ta juya takardar. Ya tashi ya fita, wai zai sayo ruwa.

Auta ba ta ko kalli littafin ba. Hannunta na kan keken. Ta ce, "Baba, ai na sani tun ranar."

Na ce ta yaya.

"Tun ina yarinya, in an tambaye ka kuɗin gishiri sai ka faɗi na bana da na bara. Ranar nan ka yi magana ta fi minti ashirin, ba ka faɗi lamba ko ɗaya ba."

Na ce to me ya sa ta yi shiru.

Ta ce, "Na ga kai kaɗai ne."

Ashe ba ni kaɗai na sa yarinyar a ɗakin nan ba, amma ni na fara. Na kasa cewa ta yafe mini. Na ce keken yana son mai.

Asabar, 30 ga Agusta

Sun tafi da safe. Kayansu duka bai cika motar ba. Surukina ya durƙusa ya yi sallama kamar kullum, ko kusan kamar kullum. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce kar in kuskura in yi aure a bayanta.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Daga nan na wuce maƙabarta, ko da yake Juma'a nake zuwa. Na gaya wa marigayiya abin da na yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na share duwatsun tsakar gida. Ban san don wa ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Waya. Tarin ya tsaya. Uwargida ta ce ba za ta daɗe a wayar ba, ƙawayenta na jira.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na je na dawo. Awa huɗu da rabi ne, ba huɗu ba.

Uwargida ta yi kumatu. Tana gudu daga ƙofa zuwa famfo ba ko haki. Surukina ya kama shago, firji har waje. Auta ta kafa keken a falo kusa da taga. Duk abin da na rubuta a Maris gaskiya ne, na gan shi da idona, ya kamata in yi murna. Na yi, wani ɓangare.

Ba ta miƙa hannu ba da na shiga. Na jira, har na sa hannu a aljihu. Ta manta. Sai ta ja ni ta nuna mini littafinta, yanzu ta iya lambobi, ba ƙwallaye ba. Lemo. Biredi. Sabulu. A ƙasa akwai wata lamba babba, an taya ta rubutawa. Na ce wannan fa? Ta ce ɗakin da ke bayan gidansu ne, babu kowa a ciki, ita da kanta ta tambayi mai gidan. "Na ce masa ya yi tsada. Ya ce in tsoho ne zai rage."

Auta na ɗinki, ba ta ɗago ba.

Saura shekara biyu in ajiye aiki. Kabarin yana nan. Shekara talatin da ɗaya ina layin nan, kowa ya san ni. Ba inda za ni.

Dubu sittin da biyar, taga biyu, ƙofa na kallon tsakar gida. Fom ɗinmu ba shi da layin ɗaki ɗaya, a bayan littafina na sa. Rubutawa kawai na yi.