Mai Tafiya da Baya a Kan Ƙanƙara

Kara-Kara, Damagaram

Zuwa ga ɗana Laminu,

Bayan gaisuwa. Hannuna ya so ya ƙara da fatan kana lafiya, kamar yadda aka koya mana a lakwal, makarantar boko, sai na tsayar da shi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba za ka iya ba, don Hausar da ka tafi da ita Rasha ta ɗan shekara huɗu ce, kuma na tabbata sanyi ya cinye ta tuni. Rashancina kuwa ya yi tsatsa. Tunda babu harshen da zai kai gare ka yanzu, bari in yi da nawa.

Matarka Nina ce ta aiko mini da saƙo a salula. Sai da na ɗauko tsohon ƙamusuna kafin na yarda da abin da na karanta: zuciyarka ta tsaya kana share ƙanƙara a ƙofar gidanku, har an riga an binne ka.

Na so in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a yi maka addu'a, a raba sadaka, kamar kowane ɗan unguwa. Na je wa liman da maganar. Bai hana ba, bai amsa ba, ya dai tambaye ni a kan wane addini ka cika. Ban ji haushinsa ba, aikinsa ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ba ni da amsa. Na tambayi Nina, ta ce ba ka zuwa coci, ba ka zuwa masallaci, kuma ba ku taɓa yin zancen ba. Liman ya ce in je in yi tunani. Da me zan yi tunanin? Abin da na mallaka naka bai wuce gaisuwar sabuwar shekara da muka riƙa yi a ƙarshe-ƙarshe ba, sai kuma bidiyon wasanninka. Saboda haka na koma na zauna da su, ina neman mutum a cikin kwalkwali.

Ka san sau ɗaya na taɓa shiga gidan ƙwallon gora na kan ƙanƙara? Lokacin ina ɗalibi a can, uwarka Galina ta ja ni. Na ga ƙarti a kan takalma masu kaifi kamar wuƙa, suna bin wani baƙin faifan roba da bai fi murfin gwangwani ba. Na ce mata wannan hauka ne, na fita tun ba a tashi ba. Ni a lokacin babban mutum nake shirin zama. Gwamnati ta tura mu koyon injinan sanyi, wai za a gina masana'antar adana nama da madara. Muka dawo da takardu masu hatimi, aka ce mu jira. Ina nan ina jira. Uwarka ta yi haƙuri iya nata, albashi yana makara, famfo yana bushewa, har ta ɗauke ka ta koma. Ni na ƙare a gyaran firigo, wato firji, in azumi ya zo in ƙulla ƙanƙara a leda in sayar. Ka ga ashe abinci ɗaya muka ci, kai a kan ƙanƙara, ni da sayar da ita.

Na gane aikinka tsaron baya ne. Da na nuna wa abokaina a fada, majalisar hirarmu, muna shan shayi, Alhaji Isa ya fara tambayar ƙwallo nawa ka ci. Na ce ba yawa, ba aikinka ba ne. Ya ƙyalƙyale da dariya, wai duk karatun da na yi a ƙasar Turawa mai gadi na haifa. Amma da ya ga ka haɗa wani ƙato da katakon gefen fili, sai ya ce ai da an dawo da kai gida ka shiga kokowa, da takobin da ake ba zakaran kokowa bai bar Damagaram ba. Su idonsu yana kan faifan. Ni kaɗai nake kallon gefen hoto, inda kake. Mai ɗaukar hoton ba ya nuna ka sai masifa ta tunkaro gidanku.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tafiya da baya. Mutum ya taho maka a guje, kai kana zamewa da baya, fuskarka a kansa, gudunka daidai da nasa, har ka matse shi gefe ya rasa hanya. Yaya kake sanin inda ragarku take ba ka waiga ba? Ƙafa ce ke tunawa, ko ido ne ke auna layukan fili? Kakarka takan tsawata maka in ka yi tafiya da baya-baya a tsakar gida, ta ce ba kyau. Da ta ga sana'ar da ka yi da ita, ban san me za ta ce ba.

Sai kuma kwanciyar nan. Mutum ya ɗaga sanda zai harba, kowa da hankali ya kauce, kai ka zube a gabansa faifan ya same ka. Na ga ka miƙe da ƙyar, ka ci gaba da ƙafa ɗaya. Koya muku ake yi, ko hali ne? A hotunanka na ƙarshe babu haƙoran gaba. Ka ajiye su, ko share su aka yi tare da ƙanƙarar?

Na bi tafiyarka da taswira. Kana matashi babbar ƙungiya ta ɗauke ka, ta zaunar da kai a benci, sannan ta sayar da kai. Daga nan gari bayan gari, kana ta yin gabas, har inda ni ma ban taɓa jin suna ba. A wata ƙaramar ƙungiya aka ba ka shugabancin 'yan wasa. Gwiwa ta ci amanarka, ka koma koya wa yara. A duk filayen nan fuskarka kaɗai ce mai duhu. Na san abin da aka riƙa faɗa mini a motar haya a can Rasha. Kai me dubban mutane suka faɗa maka? Ka taɓa tsine mini saboda fatar da na ba ka?

Akwai wasa ɗaya da na maimaita. Mai tsaron ragarku, sabon shiga, ya bar wata ƙwallo ta banza ta wuce. Jama'a na ihu, abokansa duk sun juya masa baya. Kai ka zame ka je, ka jingina kwalkwalinka da nasa, ka daɗe kana magana. Me ka ce masa? Ni ban taɓa samun wanda ya yi mini haka ba, ban kuma tuna na yi wa wani ba. Na so in kai wa liman wannan, amma na san ba ita ce amsar tambayarsa ba.

Gwaggonka Zuwaira ce ta raba gardamar. Ta hawo mota daga Mirriya da ƙullin gero, ta zo gaisuwa ba ta jira kowa ba. Da na faɗa mata damuwata, ta ce boko ne ya cinye mini kai. Ta ce ita ta riƙe ka ranar suna, a kan idonta kakanka ya yi maka kiran salla a kunne, aka yanka rago, wanzami ya yi maka aski. Wanda ya ce ka warware daga addinin, ya kawo shaida.

Na koma wa liman. Na faɗa masa abin da na sani, na faɗa masa abin da ban sani ba, ban ƙara maka ko raka'a ɗaya ba. Ya ce abin da ke ɓoye na Allah ne. Ya sa ranar Juma'a bayan la'asar.

Ban taɓa gaya maka ina kallonka ba. Layi biyu kake aiko mini, in mayar da layi biyu, don kada ka ce tsohon yana neman wani abu. Ga shi yanzu ma ban nemi izininka ba. Wataƙila ba ka so. In haka ne ka yi haƙuri, iyakar abin da na iya ke nan.

Ranar Juma'a mutanen da ba su taɓa ganin ka a fili ba za su ɗaga hannu su ce Allah ya jiƙan Laminu. Can Sasha suke kiran ka, kuma sunan kakanka na wajen uwa ne a bayan rigarka. Na manta ban tambayi Nina ba. Ka san ma Laminu sunanka ne? In ka ji ana kira, kai ake nufi.

Sai mun zo.

Mahaifinka,
Mutari mai gyaran firigo