Bijimin da Yakuba Ya Zana

Yamai, Maris 1985

Zuwa ga aminina Isaka,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara, da su Inna a Damagaram. Yaya aka ji da wannan shekara? Mu nan sai godiya. Kogi na ta janyewa, masu lambun Gamkalley suna bin ruwa da tulu, makiyaya kuma sun cika bayan gari, da yawansu sanda kaɗai ta rage musu. Na ba wani ɗan garinmu takardar nan ya kawo maka hannu da hannu, ka san dalili.

Ka tambaye ni ko har yanzu ina ɓata lokacina da ajin zane na ranar Asabar. Ina nan kuwa, sarkin zolaya. An ba mu ɗaki a gidan matasa na unguwa. Ɗalibaina ba 'yan lakwal ba ne, wato yaran makarantar boko, manya ne masu son abin kawai: teloli, da wani akawu, da Tabawa ungozoma wadda ba ta zana komai sai hannuwa.

Ka tuna yadda malaminmu Bature, wanda muke kira Mushe Girar kamar yadda ake kiran malamai, ya koya mana? A buɗe littafi, a ja layi a tsaye, a ja a kwance, a kwafe gida-gida. Ga kuma kan mutum-mutumin nan mai guntulen hanci da ya zo da shi daga ƙasarsu, wanda muka zana har muka fi sanin fuskarsa da ta iyayenmu. Muka fito mun iya dokin Turai, ba mu iya jakin ƙofar gidanmu ba. Ni na ce ba zan yi wa kowa haka ba. Dokata ɗaya ce: miƙa hannu, rufe ido ɗaya, auna da kirayon, wato fensir, ka zana abin da ke gabanka, ba abin da ke kanka ba.

Cikinsu akwai Yakuba, mutumin Tawa, mai tuƙa babbar mota. Ranar da ya fara, ya riƙe kirayon kamar zai kwance taya. Na sha fama da shi, don duk abin da ka aje masa sai ya yi masa gyara, tulu mai tsaga ya fito a takardarsa lafiyayye. Na yi ta faɗa har ya daina. Yanzu idonsa ya buɗe, Isaka. Ya fi ni, kuma ina faɗa ba da kishi ba. To, da ɗan kishi kaɗan. Ko ban fitar da kowa ba a rayuwata sai shi, ban yi aikin banza ba.

An aiko daga sama mu yi babban ƙyalle na bikin matasa, da bijimi a tsakiya, alamar arzikin ƙasa. Ba a cewa a'a, ɗakin ma na hukuma ne. Na ba Yakuba bijimin.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Mutari


Yamai, Afrilu 1985

Isaka ɗan'uwana,

Ina gaisuwa, ina fata duk kuna lafiya. Ni jiki lafiya, amma zuciya babu daɗi.

Zazzaɓi ya kwantar da ni lokacin da ake aikin ƙyallen, ban gan shi ba sai ranar da hafsan sojan da ke kula da bikin ya zo dubawa. Ashe Yakuba kasuwar shanu ya riƙa zuwa, ya zauna a rana yana miƙa hannu yana aunawa, dillalai na yi masa dariya. Aka warware ƙyallen. Tozon bijimin ya kwanta gefe, ƙashin ƙugu ya tsaya, haƙarƙari kuwa kana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. Ban taɓa ganin zane mai kyansa a garin nan ba.

Hafsan bai ɗaga murya ba. Ya tambaya wa ya sa mu mu kunyata ƙasa gaban baƙi. Na buɗe baki in ce ni ne malami, sai Yakuba ya riga ni, shi a zatonsa yabo zai samu in ya yi bayani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ne mafi ƙiba a kasuwar. Sai da na zaɓa."

Hafsan ya sa aka tafi da Yakuba. Ni kuma aka ce in gyara ƙyallen kafin biki, sannan a duba maganarsa.

Na gyara, Isaka. Na zaro tsohon littafin Mushe Girar daga ƙasan akwati, na ja layi a tsaye da kwance a kan aikin Yakuba, na kwafo bijimin Turai na ɗora masa tozo. Ɗalibaina na tsaye suna kallo ina cike haƙarƙarin da fenti ɗaya bayan ɗaya. Tabawa ce ke dama mani fentin, hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi. Ranar biki ƙyallen ya sha tafi. Matar Yakuba tana zuwa gidana tambaya, ni kuma ba ni da abin gaya mata sai haƙuri.

Ka sa shi a addu'a.

Naka,
Mutari


Yamai, Yuni 1985

Aminina Isaka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na ga saƙonka, na gode da addu'a. An sako Yakuba. Ya rame, an aske masa kai, mai motar kuma ya riga ya ɗauki wani. Bai faɗi abin da aka yi masa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba a rufe mana aji ba. Sai dai an ƙaro mana wani sabon ɗalibi da ke zama can baya, wanda har yau ban ga ya fiƙe kirayon ba, kunne kawai yake kasa mana.

Asabar da ta wuce Yakuba ya dawo. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Na aje musu wata tsohuwar ƙwarya a kan tebur, fasasshiya, an ɗinke bakinta, ba komai a ciki. Kowa ya miƙa hannu yana aunawa, ban da shi. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dube ta ba. Ya gama kafin kowa, ya kawo mani takardar da hannu biyu. Ƙwarya ce sabuwa fil, ba tsaga ba ɗinki, cike da gero har yana zuba.

Ya ce, "Mushe, ya yi?"

Na dube shi, na ga ba gatse yake yi ba, tsakaninsa da Allah yake tambaya. Na dubi mutumin da ke baya. Na tuna matarsa da 'ya'yansa. Na ce masa ya yi, ya yi kyau ƙwarai, ya ci gaba da haka. Ya yi mani godiya ya koma ya zauna.

Don Allah in za ka rubuto, ka ba ni labarin damina da na yara. Kada ka ƙara tambayata aji.

Ka gaida Inna, ka ce ina neman albarkarta.

Naka har kullum,
Mutari